Zare: Inci ɗaya da ya kusa hana mu kai amarya Gwaram

1/
Jama'a ku matso. Yau zan ba ku labarin yadda inci ɗaya tak ya kunyata ni a gaban mahaifina, ya kuma kusa hana mu kai ƙanwata ɗakinta. Zaren da ɗan tsawo. In kana da tsohuwar mota mai ja da baya, ko kana koyon kanikanci, daure ka kai ƙarshe. 🧵

2/
A gidanmu a Birnin Kudu akwai wata Datsun 120Y ruwan madara. 'Yan 2000 ba lallai ku san ta ba. Kamfanin Nissan na Japan ne ya fara fitar da ita a 1973, da ɗan injinta A12 mai cc 1171. Ba ta da gudu, ba ta da AC, amma ba ta shan mai kuma ba ta da saurin fushi.

3/
Baba ya saye ta ta hannu a 1984. Lokacin ko Jigawa babu, muna cikin jihar Kano, sai a 1991 aka yanke mu. Da ita ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ranar kasuwar Sara kuwa sawu biyu ko uku. Kuɗin makarantarmu kaf daga bayan motar nan suka fito.

4/
A 2011 idonsa ya fara ba shi matsala, ya ajiye tuƙi. Aka tura ta gindin darbejiya aka rufe da tamfol. Kaji suka mai da kujerar baya gidan ƙwai. 'Yan jari bola sun zo sun fi sau goma da tayi. Kullum amsarsa ɗaya ce: ba ta sayarwa ba ce.

5/
Da aka sa ranar autarmu, mijin ɗan Gwaram ne, wani dare muna zaune a zaure Baba ya ce, "Da motar nan aka ɗauko uwarku daga Gwaram. Da so samu ne, da ita za a mayar da 'yarta." Inna ta rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙanta. Zauren ya yi tsit.

6/
Ni kuma da bakina na ce, "Baba, za ta tashi." Ban yi shawara da kowa ba. Ina da difiloma a fannin injiniyanci, ina da data, ina da YouTube. A raina na ce me zai gagara? Saura wata huɗu biki.

7/
Gaskiya an sha aiki. Kafireto, tanki, birki, wayarin da ɓeraye suka cinye, tayoyi huɗu. Ranar da injin ya tashi yaran unguwa har tafi suka yi. Abu ɗaya ya rage: farfela. Ta asalin ta lanƙwashe, wani ya taɓa kafa jak a ƙarƙashinta lokacin da ake gyara wa motar wurin zama.

8/
Bari in yi bayani saboda waɗanda Corolla da Golf kawai suka sani. Su waɗannan tayoyin gaba ne ke jansu. Ita 120Y inji da giyabos suna gaba, amma tayoyin baya ke turawa. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul ɗin baya.

9/
Kowane ƙarshe nata yana da kuros, wato gaɓar da ke ba ta damar juyawa a karkace. Ta baya akwai faranti da ake ɗaurewa a bakin aksul da noti huɗu. Ta gaba kuwa babu noti ko ɗaya. Wani bututu ne mai haƙora a ciki, ana zura shi a wutsiyar giyabos kawai.

10/
Wannan bututun Turawa na ce masa silif yok. Kawuna, wanda za ku ji labarinsa a gaba, hancin farfela yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Aikinsa biyu: ya ɗauki juyin giyabos ta haƙoransa, kuma ya riƙa zamewa, ya shiga ya fito, mota na tafiya.

11/
Me ya sa sai ya zame? Saboda giyabos a ɗaure yake da jikin mota, aksul kuwa a kan sifirin yake, yana sama yana ƙasa. Duk ramin da ka faɗa, duk buhun da ka ɗora, tazarar da ke tsakaninsu tana canjawa. Ƙarfe ba ya miƙewa kamar roba, to hancin ne ke cike giɓin.

12/
In farfela ta yi tsawo, hancin zai ƙure, ya riƙa dukan giyabos kamar guduma. In ta yi gajarta, haƙora kaɗan ne za su kama, mota ta yi ta rawa, ko hancin ya zare gaba ɗaya. Farfelar da ta faɗo ta gaba a kan gudu tana iya cakar kwalta ta ɗaga bayan mota. Ba wasa ba ne.

13/
Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi: ka tura hancin ciki har ya tsaya, sannan ka janyo shi kashi uku cikin huɗu na inci zuwa inci ɗaya. Wato milimita 19 zuwa 25. Wannan ne filin numfashinsa. Duk na karanta wannan, na haddace shi. Ku riƙe wannan wurin.

14/
Na shiga Kano, Ƙofar Ruwa. Na yini ina zagaye rumfuna kafin wani dattijo ya zaro min wata daga ƙarƙashin tarin ƙarafa. Haƙora sun yi daidai, faranti ya yi daidai. Ya ce, "Daga wata Datsun daban aka cire ta fa, ka auna kafin ka ɗaure." Na ce ba damuwa Alhaji.

15/
Na dawo gida na ɗaga bayan motar, na tokare jikinta da kututture biyu, tayoyin baya suna lilo a iska. Na kwanta a kan kwali. Na zura hanci, na ɗaure faranti. Na sa tef: inci ɗaya cif ya rage a waje. Wallahi har hoto na ɗauka na sa a status.

16/
Da yamma na ɗauki Baba mu zaga gari. Shekara goma sha biyu rabonsa da kujerar nan. Bai ce komai ba, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan sandar giya ya bar shi a wurin. Muka bi ta wajen Kwalejin Gwamnati muka juyo. Ni ina ta washe baki ina jiran yabo.

17/
Da muka tsaya ya ce, "Farfelar nan ba ta numfashi. A tsaye ka auna ta ko a rataye?" Ban ma fahimci tambayar ba. Na ce, "Baba na auna fa, da tef ma, inci ɗaya ne daidai." Ya ce to. Ya lalubi sandarsa ya shiga gida.

18/
In faɗa muku gaskiya, raina ya ɗan sosu. Na ce mutum baya gani sosai, motar ma ba ta yi wata ƙara ba, ina ya ga rashin numfashi? Na ɗauka irin ta tsofaffi ce, ba sa so a ce yaro ya iya.

19/
Saura kwana tara biki, aka ce a kai wasu kaya Gwaram. Na ce ga dama ta gwaji. Buhun shinkafa biyu a but, jarkar mai, abokaina uku a baya, ɗaya a gaba. Motar ta zauna sosai. Muka kama hanya ana ta raha ana ɗaukar bidiyo.

20/
Mun wuce Babaldu kaɗan na faɗa wani rami, ba ma babba ba. Sai ji na yi GAM daga ƙarƙashin kujera, sandar giya ta zabura ta bugi hannuna. Na ce ƙila dutse ne. Rami na biyu, GAM, ya fi na farko. Sai wari ya taso.

21/
Duk wanda ya taɓa shaƙar man giya ya san shi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na gangara gefe na leƙa. Mai yana ɗiga daga wutsiyar giyabos, ɗis, ɗis, a kan yashi. Gabana ya faɗi. Giyabos ɗin 120Y ba abin da za ka samu a kwana tara ba ne, ko da kuɗinka.

22/
Dole na kira Kawu. Wan Inna ne, a Gwaram yake, ya fi shekara arba'in yana kwanciya a ƙarƙashin motoci. Tun farko na ƙi sa shi a aikin don ina so a ce ni kaɗai na yi. Ya ɗauka, na yi bayani. Ya ce, "Kar ka ƙara motsa ta, ɗan boko. Ga ni nan."

23/
Ya zo a kan babur. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya leƙa, ya shafa man ya duba ko da garin ƙarfe a ciki. Ya sa aka sauke buhuna aka ba mai a-kori-kura, abokaina suka hau motar haya. Ya ƙara mata mai ya ce, "Giya biyu, a hankali, har gareji."

24/
A garejinsa akwai rami. Muka ɗora motar muka sauka da tocila. Ya ce duba. Na duba. Inci ɗayan da na yi wa hoto babu shi. Abin da ya rage a waje bai fi kaurin fensir ba, milimita 6 ko 7. Na ce Kawu wallahi inci ɗaya na bari.

25/
Ya kira yaransa huɗu ya ce uku su shiga baya, ɗaya ya hau but. Ina kallo da idona hancin ya shige, ya shige, har kafaɗarsa ta manne da bakin giyabos. Ko tsinken ashana ba zai shiga ba. Ya ce, "Yanzu ka ƙara mata rami a kai."

26/
Sai ya ce su sauka, a ɗaga jikin motar tayoyi su rataya. Hanci ya zamo waje. Inci ɗaya cif, kamar yadda na gani a gida. Mota ɗaya, farfela ɗaya, awo uku. A nan tambayar Baba ta dawo min: a tsaye ko a rataye?

27/
Ashe in tayoyi suna lilo, aksul yana sauka ya yi nisa da giyabos, sai hanci ya fito ya yaudare ka. Ba a haka mota ke tafiya ba. Ƙari kuma sifirin ɗinmu ya sha lodin kasuwa shekara da shekaru, ya kwanta, motar ta fi zama ƙasa fiye da yadda ta fito daga kamfani.

28/
Ɓarnar da na yi: oyil sil na wutsiya ya murƙushe, robar da giyabos ke zaune a kai ta yage. Kawu ya wanke wutsiyar da fetur, ya goga alli yana neman tsaga, don alminiyam ce, ba ta jure duka. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Allah ya rufa maka asiri."

29/
Daren nan a gidansa na kwana. Da safe ya ce zo in nuna maka yadda ake yi, ba don motar nan kaɗai ba. Ga abin da ya koya min, ku ajiye, zai yi muku amfani a Hilux ta da, ko wata tsohuwar mota mai irin wannan hancin.

30/
Na farko: mota ta tsaya da ƙafafunta a wuri mai daidai, nauyinta a kan tayoyi. A kan rami ya fi. In babu rami, tokare a ƙarƙashin aksul, ba jikin mota ba. A sa wa tayoyi dutse. Kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ko na minti ɗaya.

31/
Na biyu: hanci shi kaɗai ake aunawa da shi. Mun cire na tsohuwar farfelar da ta lanƙwashe, muka wanke haƙoransa, muka shafa masa man giya. Tura ciki har ya tsaya, yi alama. Janyo shi inci ɗaya, yi alama. Kawu da faɗin babban yatsansa ya auna, na sa tef, ya zo daidai. 😅

32/
Na uku: yana nan a wurin, auna daga tsakiyar ramin kuros ɗinsa zuwa fuskar farantin aksul. Wannan shi ne tsawon da motarka ke nema. Auna sau biyu, rubuta a takarda. Da muka gwada da wadda na sayo, ta ɗara da milimita 19. Ɗan wannan ne ya kusa cinye giyabos.

33/
Na huɗu: yanke farfela ba aikin mai waldar ƙofa ba ne. Sai mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda zai yanke ta a miƙe, ya juya ta ya ga ba ta layi kafin ya kammala walda. Ƙananan ƙarafan da ke manne a jikinta kuma ba datti ba ne, na daidaita nauyi ne, kar a ɓamɓare.

34/
Na biyar, wanda ban taɓa lura da shi ba: kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya a jikin sandar dole su kalli gefe ɗaya. Kuros a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa. Na bayan ne ke goge na gaban. In aka sauya musu layi, rawa ba ta ƙarewa.

35/
Na shida: wajen ɗaurawa, hanci ake fara zurawa a hankali kar ya ci sabon sil. Sannan faranti, noti huɗu, ana ɗaure su ɗaya gefe ɗaya gefe. In farfelar motar ce ta asali ka cire, yi wa farantan alama da alli tun kafin ka kwance, ta koma yadda take. A cike man giya.

36/
Na ƙarshe: gwada ta a hali uku. Babu kaya. Da lodi, ka ga akwai sauran fili. A rataye, ka ga hancin bai fito da yawa ba, haƙora suna kame sosai. Tamu bayan an yanke: 25 babu kaya, wajen 17 da lodi, 44 a rataye, kuma har yanzu yawancin hancin yana ciki.

37/
Kwana uku aikin ya ci, da komawa Kano da neman sil da roba. Kuɗin ɗinkin da na ware wa kaina na biki a nan suka tafi. Tsohuwar shaddata na sa aka wanke aka buga. Ban yi ƙorafi ba, ni na jawo.

38/
Abin da ya fi min wuya shi ne shiga zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, a rataye na auna." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Na sani. Da muka hau kan tudun nan na ji tana taɓa ni a hannu." Na ce to me ya sa ba ka matsa min ba?

39/
Ya ce, "Ka ce min da tef ka auna. Mai tef ai ba a ja da shi." Can kuma murmushin ya ɗauke. "Amma ban san za ka yi mata lodi ka ɗebi 'ya'yan mutane ba. Da na sani da a bakin ƙofa zan zauna." Wannan maganar har yau tana min nauyi. Mu biyar ne a motar nan.

40/
Ranar kai amarya, kun san uba ba ya rakiya. Bayan ya yi mata nasiha aka fito da ita tana kuka, gwaggo a dama, ƙawarta a hagu, Kawu a gaba, ni a sitiyari. Baba ya lalubo rufin motar ya dafa. Ya ce, "Ta yi?" Kawu ya ce, "Ta yi." Ya ɗauke hannunsa.

41/
Motoci masu AC sun fi goma a jerin, amma dattijuwar ce a gaba, kowa ya bi gudunta. Da muka shiga Gwaram wata tsohuwa a dangin Inna ta tsaya tana kallonta, ta ce, "Wannan ba ita ce ta ɗauki yarinyar nan ba?" Gwaggo ta kasa amsawa.

42/
Bayan sati ɗaya na ɗauki Baba zuwa gaishe da Kawu, da buhun gero a but. Hannunsa na kan sandar giya tun daga gida. Da muka iso ramin nan na bayan Babaldu na rage gudu zan kauce. Ya ce, "A'a, shiga." Na shiga. Motar ta duƙa ta miƙe, shiru.

43/
Bai ce na yi ƙoƙari ba, ba halinsa ba ne. Ya ɗan bubbuga sandar da yatsa biyu ya ce, "Yanzu tana numfashi." Sai ya juya wajen taga yana tambayata ko kukar da ke gefen hanya tana nan.

44/
Shi ke nan labarin. In za ka ɗaura farfela, sauke motar ta tsaya da ƙafarta, bar wa hanci inci ɗayansa, ka gwada da lodi kafin ka ɗauki ran kowa. In kuma wani dattijo ya yi maka tambayar da ba ka gane ba, kar ka ce ka auna. Ka ce ya maimaita.

45/
Hoton status ɗin nan har yanzu yana wayata, ban goge ba. Ku tura wa wanda kuka san yana tayar da tsohuwar motar gidansu. Ku sa Inna a addu'a. 🙏🏾